Yadda ake rubuta littafi na biyu na labarin mai kisan ɗauki ɗai-ɗai bayan masu karatu sun gaji da jira

A watan Yunin 1999 aka fitar da littafin Hannibal na Thomas Harris a Amurka, ci gaban The Silence of the Lambs na 1988, bayan shekara 11. Tun kafin zumuɗin fitowarsa ya lafa masu karatu suka rabu gida biyu. Stephen King, marubucin labaran ban tsoro na Amurka, ya rubuta a jaridar New York Times cewa sabon ya fi na baya. Martin Amis, marubucin Ingila, ya yi masa kaca-kaca a mujallar Talk, yana ganin Harris ya kamu da son dodon da ya ƙirƙira, wato makashin nan Hannibal Lecter, har ya kasa ganin aibunsa. Da aka zo yin fim, 'yar wasa Jodie Foster da darakta Jonathan Demme, waɗanda fim ɗin The Silence of the Lambs da suka yi a 1991 ya kwashe manyan kyaututtukan Oscar guda 5, ba su dawo ba. Ridley Scott ne ya karɓi aikin, fim ɗin ya fito a 2001, kuma aka canza ƙarshen labarin ɗungurungum.

Duk wanda littafinsa na ɗaya ke hannun jama'a, ana ta tambayarsa "ina na biyu?", yana da abin koyo a wannan rikici. Mutane da yawa suna ɗauka yawan jini da ƙazanta ne suka raba kan masu karatu. Suna daga ciki, amma ba su ne tushe ba, don littafin 1988 ma akwai mai feɗe fatar mata a ciki, kuma ba a yi wannan taƙaddama ba. Abin da ya faru shi ne an sauya wa dodo mazauni, an yi masa bayani, sannan an karɓe linzami daga hannun jarumar. A kan waɗannan abubuwa uku aikin yake. Wanda bai karanta littattafan ba ya sani za a fasa ƙwai a nan, don babu yadda za a nuna inda ɗinki ya farke ba tare da an juya rigar ba.

Ka fara gano alkawarin da ka ɗauka

Kafin ka rubuta kalma ɗaya, ka sake karanta littafinka na farko daga bango zuwa bango da biro a hannu. Marubuci yakan tuna abin da ya yi niyyar rubutawa, mai karatu kuwa abin da ke kan takarda ya sani, kuma sau da yawa ba su zama ɗaya ba. Idan ka gama, ka amsa tambayoyi biyar a shafi guda, kada ya wuce haka. Ta idon wa aka fi ganin labarin? Wane wa'adi ne yake matse jarumin? A ina makashin yake, kuma sau nawa ya bayyana? Me jarumin ba zai taɓa yi ba ko da wuƙa a wuya? Me aka ɓoye wa mai karatu har aka rufe littafin?

Gwada wannan a kan littafin 1988. Ana ganin yawancin labarin ta idon Clarice Starling, ɗaliba a makarantar horar da jami'an FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, da ke Quantico. Wa'adin shi ne Catherine Martin, 'yar wata sanata, tana cikin rami a gidan makashi, kuma an san kwanakinta ƙidayayyu ne. Dakta Hannibal Lecter, likitan ƙwaƙwalwa mai cin naman mutane, yana kulle a asibitin masu taɓin hankali na Baltimore, sai an je wurinsa ake ganinsa. Starling ba za ta juya wa mai neman ceto baya ba, tun tana yarinya kukan 'yan tumaki da ake yankawa yake hana ta barci. Abin da aka ɓoye kuwa shi ne dalilin da ya sa Lecter ya zama haka.

Yanzu ka ɗora littafin 1999 a kai. An raba idon labarin tsakanin mutane da yawa, har akwai dogon sashe a birnin Filorens na Italiya da kusan ba a ganin Starling. Babu wata baiwar Allah a rami da ake tseren ceto. Wanda ake farauta shi ne Lecter da kansa. Dodo yana yawo a sake. Starling ta ƙare a gefensa. An kuma ba da dalili. Amsoshi biyar, duka biyar sun canza.

Ƙa'idar da za ka riƙe: cikin biyar ɗin ka canza ɗaya ko biyu, ka bar sauran daram. In ba ka canza ko ɗaya ba, za a ce ɗumame ka kawo. In ka canza duka, sabon littafi ka rubuta ka liƙa masa sunayen tsofaffin mutane, kuma rabin masu karatu za su ji an yi musu sakiyar da babu ruwa. Kana da ikon yin haka in ka ga dama, amma ka yi shi da ido buɗe, ka san farashinsa.

Abin da jira yake yi wa mai karatu

Idan tazara ta wuce shekara biyu ko uku, mai karatu ya riga ya rubuta nasa littafi na biyu a kansa. Ba da littafinka na farko kake gasa ba, da wannan na cikin kansa kake yi, shi kuwa ba shi da kuskure ko ɗaya. Harris ya haɗu da wanda ya fi haka: a tsakani an yi fim, miliyoyin mutane sun san Lecter da fuskar ɗan wasa Anthony Hopkins da muryarsa, wasunsu ba su taɓa buɗe littafin ba. Marubutan Hausa sun san ƙaramin nau'in wannan matsala, tunda al'adar fitar da labari kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, ta daɗe a kasuwar littattafai ta Kano, kuma duk wanda ya jinkirta kashi na gaba ya san irin hasashen da masu karatu ke cika gurbin da shi.

Ba za ka iya ba kowa abin da ya ƙudurta ba. Abin da za ka iya shi ne ka rubuta hasashe uku da aka fi yi, ka sa wani a cikin labarin ya ambaci ɗaya ko biyu da wuri, labarin ya ture su da hujja. Mai karatu yana yafe a saɓa masa in ya ga an san da tunaninsa.

Sai lissafin lokaci. Ka ja jadawali: shekarar da labarin farko ya faru, shekarun kowane mutum a lokacin, shekara nawa suka wuce a cikin labari, da abin da ya canza a duniya. Harris ya jira shekara 11 amma a cikin labari 7 ya ce sun wuce. Kai ma ba dole ba ne su zo ɗaya, sai dai ka tsayar da lamba guda ka riƙe ta. Kayan zamani su ne suka fi tona asiri. In a littafin farko ana neman wayar tarho a ofis, a na biyu kuma kowa da wayar salula a aljihu, dole ka amsa tambayar me ya hana wadda aka sace kiran gida, me kuma ya hana a bi sawun layin makashin. Tunatarwa kan abin da ya gabata kada ta wuce shafi biyu jimilla, kuma kada ka zuba ta wuri ɗaya a babi na farko. Ka yayyafa ta a bakin mutanen da ke da dalilin tayar da zancen.

Kura da sarƙarta

Ka tuna gardi mai wasa da kura a kasuwa. Takunkumi a bakinta, sarƙa a wuyanta, mutane sun yi da'ira. Gardin ya ɗan sassauta sarƙar taku biyu, da'irar ta watse da ihu, sannan ta sake haɗuwa, kowa na leƙe. Ba kurar kaɗai ke tara jama'a ba. Sarƙar ce, da tunanin me zai faru in ta tsinke. A ce an kwance ta tana kiwo a bayan gari kowa na ganinta safe da yamma, da ta koma dabba mai wari kawai. Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe.

Haka Lecter yake a littattafai biyu na farko. A Red Dragon na 1981, littafin da Harris ya fara kawo shi a ciki, ɗan taƙaitaccen wuri ya samu, ainihin makashin da ake bi wani ne daban, Francis Dolarhyde. A na 1988 ma Jame Gumb ake farauta. Lecter yana bayan ƙarafa, ba a miƙa masa ko takarda mai ƙusa, kuma duk da haka da magana kaɗai yake shiga kan mutum. A fim ɗin 1991 lokacin da Hopkins ya ɗauka a kan allo bai kai rabin awa ba. A littafin 1999 kuwa ga shi nan a Filorens da sunan Dakta Fell, yana kula da tsohon ɗakin karatu, yana sayen turare da giya mai tsada, yana laccar tarihi. Ana shiga har cikin tunaninsa ana zagaya ɗakunan da yake ajiye abubuwan da ya tuna. Masu yabo sun ce a nan daɗin yake. Masu suka sun ce dodo ya koma attajiri mai iyayi.

In makashinka ya tsere a ƙarshen littafi na farko, ba za ka iya mayar da shi keji ba tare da an yi maka dariya ba. To sai ka ƙera masa wata sarƙar. Ga waɗanda suke aiki: sunan bogi da kuskure ɗaya zai rusa; ciwo ko nakasa da ke tilasta masa zuwa wurin wani mutum a kai a kai; wani da ya gane shi ya yi shiru don wata manufa; ɗabi'ar da ba ya iya bari, wadda ita ce za a bi a kamo shi. Harris ya yi amfani da wasu daga ciki kuma sun yi masa aiki. Lecter yana da yatsa shida a hannun hagu, sai da aka cire ɗaya, hoton asibiti na wannan hannun ya zama zaren da aka ja. Starling kuma ta bi sawunsa ta hanyar kayan marmarin da ba ya iya haƙura da su. Sashen da ɗan sanda Rinaldo Pazzi ya gane shi, ya zaɓi ya sayar da shi a kan dala miliyan 3 maimakon ya kama shi, yana cikin wuraren da littafin ya fi riƙe numfashi, saboda a nan akwai sarƙa, kuma ana jin tana gab da tsinkewa.

Game da yawa: ka ƙirga babobin da makashin ya bayyana da kansa a littafin farko. A na biyu kada ka wuce ninki biyu na wannan. Babobin da ake ganin duniya ta idonsa kuwa, kada su wuce ɗaya cikin biyar, kuma su zama gajeru. A sauran a riƙa ganin sawunsa: wasiƙa, ƙamshin da ya bari a ɗaki, fuskar wanda ya gana da shi jiya.

Akwai tarko a nan da ya fi kowanne kama marubuta. Da zarar dodo ya zama tauraro, sai marubuci ya ji yana bukatar wani da ya fi shi muni don mai karatu ya goyi bayansa. Harris ya kawo Mason Verger, magajin dukiyar sana'ar nama, mai lalata yara, wanda Lecter ya bar shi shanyayye ba fuska, yana kiwon aladu don su cinye maƙiyinsa da rai. Ya kawo Paul Krendler, jami'in ma'aikatar shari'a mai cin amana da raina mata. Ya kawo Pazzi mai kwaɗayi. Kowa aka kashe sai mai karatu ya ce ai shi ya ja. Ka kwatanta da littafin 1988, inda Lecter ya kashe masu gadi biyu a Memphis da ma'aikatan motar asibiti, mutanen da laifinsu kawai suna bakin aiki. Wannan ne yake sa ka kasa sakin jiki da shi duk iya maganarsa. Don haka ka jera sunayen duk waɗanda makashinka ya kashe a sabon littafin, ka sa alama a gaban wanda mai karatu zai ji takaicin mutuwarsa. In babu ko ɗaya, ba mai kisa kake rubutawa ba, ɗan banga kake rubutawa. Aƙalla mutum ɗaya, wanda aka ba shi suna da iyali da shafi uku ko huɗu na rayuwa kafin ajalinsa, ya faɗa hannunsa ba da haƙƙinsa ba.

Kada ka buɗe tukunyar duka

A littafin 1988 Lecter ya gaya wa Starling ƙarara cewa babu wani abin da ya same shi da za a ce shi ya mayar da shi haka, kada ta nemi rage shi zuwa tarin dalilai. A na 1999 sai ga dalili: ƙanwarsa Mischa, a Lituweniya a 1944, sojojin da suka gudu daga fagen yaƙi suka cinye ta cikin yunwar hunturu yana ɗan shekara 6. Daga baya, a 2006, Harris ya yi littafi sukutum a kan wannan ƙuruciyar.

Matsalar ba ta rashin tausayi a labarin Mischa ba ce. Matsalar ita ce lissafin ya fita daidai ƙwarai: an ci ƙanwarsa, shi ma yana ci. Tsoro yana zaune ne a wurin da lissafi ya ƙi fita. In dole ne ka taɓa tarihin makashinka, ka bi waɗannan. Ka ba da abin da ya faru, kada ka ce shi ne dalili. Ka sa ya fito daga bakin wanda ba a gama yarda da shi ba, ko a ji shi iri biyu masu karo da juna. Ka sa wani da ya sha irin wannan wahalar, ƙane ko maƙwabci, wanda bai zama makashi ba, don mai karatu ya ga wahala ba ta wanke kowa. Kuma in akwai wata magana a littafin farko da sabon bayanin ya ƙaryata, ka fuskance ta a fili: ko dai makashin ƙarya ya yi a da, ko yanzu yake yi, amma wani a labarin ya lura. Masu karatun da suka jira shekaru sun haddace waɗannan layukan fiye da kai.

Jarumar, inda aka fi yin ɓarin

Ga yadda ƙarshen littafin 1999 yake. Starling ta je gonar Verger ita kaɗai don hana a jefa wa aladu Lecter. An harbe ta da allurar sa barci. Lecter ya ɗauke ta, ya yi jinyarta, ya shafe kwanaki yana ba ta ƙwayoyi yana juya mata tunani, har ƙasusuwan mahaifinta ya tono ya ajiye mata. Sannan liyafar nan da aka ci ƙwaƙwalwar Krendler yana zaune a teburin da ransa, ita ma ta ci. Bayan shekara uku wani tsohon ma'aikacin asibitin Baltimore, Barney, ya hango su tare a gidan wasan waƙe-waƙe na opera a Buenos Aires ta Ajantina.

Masu kare wannan ƙarshe suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Tun babin farko aka fara rushe ta: samamen da aka kai wa dillalan ƙwaya a kasuwar kifi ta Washinton ya lalace, abokin aikinta John Brigham ya mutu, ta harbe wata mata mai ɗauke da jariri, jaridu suka yi mata ca, hukumar da ta bauta wa ta ci moriyar ganga ta ya da kwaurenta. Wa ya rage mata? Masu suka kuma suka ce duk wannan ya isa ya sa ta ajiye aiki, bai isa ya sa ta ci naman mutum ba, kuma matakin ƙarshe ba ita ta taka ba, allura ce ta taka mata. Littafin ya ce daga baya an daina ƙwayoyin kuma ta zauna, amma faɗa aka yi, ba a nuna ba.

A nan masu suka sun fi gaskiya, kuma dalilin na sana'a ne, ba na tarbiyya ba. Mai karatu yana iya bin jarumi har cikin wuta matuƙar da ƙafarsa yake tafiya. In kana son jarumarka ta juya, ga gwajin da za ka yi wa daftarinka. Na ɗaya, ka nemo wurare uku aƙalla kafin babin ƙarshe inda ta tsallake wani layi da kanta, kowanne ya fi na baya girma: ta ɓoye shaida, ta yi wa maigidanta ƙarya, ta bar wani ya mutu alhali tana iya hanawa. Na biyu, babbar shawarar ta yanke ta tana cikin hayyacinta, ba maye, ba asiri, ba ciwon mantuwa. Wannan ya shafi marubutanmu kai tsaye, don sammu da aljanu su ne allurar Lecter ta labaran Hausa: hanya mai sauƙi ta sa mutum ya yi abin da marubuci ya kasa gina masa dalili. Na uku, a lokacin da take zaɓa a bar mata wata ƙofar a buɗe, mai karatu yana ganinta, ita ma tana gani, ta ƙi bi. Na huɗu, a rubuta wannan wurin ta idonta. In ka tarar kana kauce wa shiga kanta a daidai wannan gaɓar, alama ce kai ma ba ka yarda za ta yi ba.

Masu fim ɗin 2001, inda Julianne Moore ta fito a matsayin Starling, sun bi ta ɗaya hanyar: ta ƙi shi, ta ɗaure hannunta da nasa da ankwa, shi kuma ya sare nasa hannun ya tsere. Ba lallai ne ya fi na littafin zurfi ba, amma wadda ta ɗaura ankwar ita ce wadda aka sani tun farko.

Wa'adi, jini, da abin da gawa ke faɗa

Ka sa wa'adi kafin shafi na 50, mai lamba, wanda mai karatu zai iya ƙirgawa da yatsu. A Red Dragon cikar wata ne, makashin yana far wa iyalai idan wata ya cika. A na 1988 kwanakin ramin ne. Duk babin da bai rage wa'adin ba ko bai ƙara masa nauyi ba, ka duba ko yawon buɗe ido ne ka tafi.

Jini kuma kada ka ce sai ka ninka na baya. Wuri biyu ko uku na ƙazamin tashin hankali sun ishi littafi, mafi muni a kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarshe. In ya wuce kima yakan juye ya zama abin dariya, kuma liyafar Krendler a kan wannan iyakar take: wasu sun karanta ta a matsayin baƙar raha da gangan, wasu sun rufe littafin a nan.

Bincike shi ne ke sa a yarda da sauran. Harris ɗan jarida ne mai ɗauko labaran laifuka kafin ya koma ƙagaggun labarai, ya yi aiki da kamfanin dillancin labarai na AP a New York, ya je wurin sashen nazarin ɗabi'a na FBI, ya kuma halarci shari'ar Pietro Pacciani a Filorens a 1994. Kai ma ka san abubuwa na asali. A ma'anar da FBI ta tsayar bayan taronta na 2005, kisan mutum biyu ko fiye a lokuta daban-daban ya isa a kira mutum mai kisan ɗauki ɗai-ɗai. Gawa takan fara sandarewa cikin awa 2 zuwa 6, ta gama wajen awa 12, ta saki bayan kwana ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma zafi yana gaggauta duka. In a ƙasar Hausa ka kafa labarinka, ka tuna ana sallar gawa a binne cikin awoyi, iyalai kuma ba sa son a feɗe mamaci. Kada ka aro ɗakin gwaje-gwajen Amurka ka dasa. Wanda ya ga tabon igiya a wuya mai wankan gawa ne, kuma shi zai ce "wannan na uku ke nan da na gani da irin wannan alama".

Gwaji kafin ɗab'i

Ka ba mutum biyar daftarin. Biyu masu son littafin farko sosai, biyu da ba su karanta shi ba, ɗaya da ya karanta bai burge shi ba. Kada su haɗu, kada su ji ra'ayin juna, don mai ƙarfin baki yakan ja sauran. Kada ka tambaye su ko ya yi daɗi, za su ce ya yi. Ka ce kowa ya sa alama a shafin da ya fara ajiye littafin ya tashi, da shafin da ya daina jin tsoron makashin, da wurin da ya ce a ransa wance ba za ta yi haka ba.

Sai ka raba ƙorafin kashi biyu. "Ban so abin da ya faru ba" daban, "ban yarda zai faru ba" daban. Na farko ba laifi ba ne, sau da yawa ma shaida ce labarin ya taɓa mutum, kuma in ka bi shi kana gyara za ka ƙare da littafi lami. Na biyu aibi ne a gini. In mutum uku cikin biyar suka nuna wuri ɗaya da irin wannan ƙorafi, kada ka taɓa wurin tukuna, ka koma baya babi biyar zuwa goma, a can ne tubalin ya ɓace. In kuwa masoyan littafin farko ne kaɗai suka koka, sababbin ba su ga komai ba, ka ɗauko shafin nan na tambayoyi biyar ka duba wace amsa ka canza ba da saninka ba. Ka gyara, ka ajiye daftarin wata guda ba ka buɗe ba, sannan ka ba wasu mutum biyar daban, don na farkon sun riga sun san inda ramin yake, za su tsallake shi ko an cike ko ba a cike ba.